NASA POWER: rumbun tarihin zafi da ruwan sama na kyauta, da inda yake tuntuɓe

Duk shekara idan bazara ta kankama, Afrilu ya shigo, wuta ta ɗauke, mutane suka fito da tabarmi tsakar gida, sai ka ji ana cewa ba a taɓa zafi irin na bana ba. Dattijo ya ce ai na shekarar kaza ya fi wannan, matashi ya ce ina. Musun ba ya ƙarewa don babu mai riƙe da lissafi a hannu. Ga ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, ko malamin gona, ko mai haɗa sola, ko ɗan jarida, magana ta wuce musu, alƙaluma yake nema. Cikin wuraren da ake samun su kyauta a intanet, wanda ya fi sauƙin shiga shi ne NASA POWER, wanda cibiyar binciken Langley ta hukumar sararin samaniyar Amurka ke gudanarwa daga jihar Virginia. Ba a biyan ko sisi, ba a rajista, ba a neman imel ɗinka. Ka ba shi wuri, ka ba shi shekaru, ya miƙo maka bayanan kowace rana tun daga 1 ga Janairu 1981.

Kafin a taɓa komai, a san abin da ake karɓa, domin a nan yawancin masu amfani da shi ke faɗawa rami. Alƙaluman nan ba daga ma'aunin zafi da ke kafe a garinku suka fito ba. A tashar yanayi ta gaske, irin wadda NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ke da ita a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ma'aunin yana cikin farin akwati mai tagogin iska, a ɗage daga ƙasa tsakanin mita 1.25 zuwa 2, a inuwa, ana karanta shi a kan lokaci. Na NASA kuwa kwamfuta ce ta sake gina yanayin duniya na baya, ta haɗa abin da taurarin ɗan'adam suka gani, da na balan-balan ɗin auna iska, da na jiragen sama da na ruwa, ta cike giɓin da lissafin kimiyya. Sunan wannan tsari MERRA-2. Ya yanka duniya gida-gida, kowane gida rabin digiri na taswira daga kudu zuwa arewa, digiri 0.625 daga yamma zuwa gabas. A daidai Kano wannan ya kama kilomita 55 a tsaye, kusan 68 a kwance. Wato birnin Kano da Gezawa da Minjibir da Wudil duk ɗaki ɗaya aka zuba su, lamba ɗaya za a ba su. Kwaltar Sabon Gari da rufin kwanon Fagge da gonar gero a bayan Gezawa, a wajensa duk abu guda ne.

Shiga ba wuya. A adireshin power.larc.nasa.gov akwai shafin da suka kira Data Access Viewer, taswira ce da jerin zaɓi a gefe. Za a zaɓi Single Point, wato wuri guda. Sai rukunin masu amfani, su uku ne: na noma, na makamashi, na gine-gine. Sai tazarar lokaci: awa-awa, kullum, wata-wata, ko matsakaicin shekaru. A zaɓi na kullum, Daily, dalilin zai zo nan gaba. Wurin kuma gara a rubuta lambobinsa da a dangwala yatsa a taswira, musamman a waya, inda yatsa ke iya kai mutum ƙaramar hukumar maƙwabta. Kano 12.00 da 8.52, Sakkwato 13.06 da 5.24, Maraɗi 13.50 da 7.10, Damagaram 13.80 da 8.99, Maiduguri 11.85 da 13.16. Lamba ta farko ita ce ta arewa, ta biyu ta gabas. Wanda ya juya su ya sa 8.52 a gaba don Kano, zai tsinci kansa can wajen Adamawa yana mamakin yadda ruwa ya yi yawa. Mutanen Kumasi da Bamako su tuna suna yamma da layin Greenwich, lambarsu ta biyu tana ɗaukar alamar ragi.

Bayanan da ake iya ɗauka suna da yawa ƙwarai, amma don tarihin zafi biyar sun isa. T2M_MAX shi ne ƙololuwar zafin yini, T2M_MIN mafi ƙarancinsa wanda galibi da asuba ake samu, T2M matsakaici, RH2M laimar iska cikin ɗari, PRECTOTCORR ruwan sama da milimita. A buƙata guda ta kullum ba a wuce nau'i 20. A zaɓi nau'in fayil na CSV don ya buɗe a Excel ko Google Sheets. Daga farkon 1981 zuwa ƙarshen 2024 layi 16,071 ne, kuma da waɗannan ginshiƙai biyar fayil ɗin bai kai megabait ɗaya ba. Wannan babban abin yabo ne ga mai lissafin data. Abin da ke da nauyi taswirar ce kanta, a ƙaramar waya da sabis mai rauni tana iya daskarewa. Mafita ita ce a tsallake ta, a liƙa wannan kai tsaye a burauza, a canza lambobin wuri kawai:

power.larc.nasa.gov/api/temporal/daily/point?parameters=T2M_MAX,T2M_MIN,T2M,RH2M,PRECTOTCORR&community=RE&latitude=12.00&longitude=8.52&start=19810101&end=20241231&format=CSV

An sa RE, rukunin makamashi, da gangan. Idan aka zaɓi na noma, AG, fayil ɗin ba ya zuwa da wata da rana, sai shekara da lambar ranar a cikin shekara, daga 1 zuwa 365 ko 366. Sai mutum ya ga 2024 da 94 ya rasa gane cewa 3 ga Afrilu ake nufi, alhali a 2023 wannan ranar 93 ce, saboda Fabrairun 2024 kwana 29 ya yi. Wanda ya riga ya sauko da irin wannan, dabarar DATE ta Excel tana gyarawa: a ba ta shekara, a ba ta wata 1, a ba ta lambar ranar, ita za ta juya ta zuwa kwanan wata.

Akwai wasu tarkuna biyu a cikin fayil ɗin. Inda babu bayani ba a barin gurbi, ana rubuta -999. An fi ganin haka a kwanakin ƙarshe-ƙarshe, domin sabbin bayanai suna ɗan makara, da kuma ɓangaren hasken rana. Guda ɗaya tak ya isa ya lalata lissafi: watan da matsakaicinsa digiri 40 ne, idan -999 ɗaya ya shiga cikin kwana 30, amsar za ta koma 5.4. A nemo su a share kafin a haɗa komai. Na biyun ya fi shafar 'yan Nijar da Kamaru da Cadi masu kwamfuta da saitin Faransanci, inda waƙafi ne ke raba lamba da ɗigonta. Excel ɗinsu zai cusa komai a ginshiƙi guda, ko ya ɗauki 41.3 a matsayin rubutu ya ƙi lissafa shi. Kada a danna fayil ɗin sau biyu. A buɗe Excel tukuna, a shigo da shi ta ɓangaren Data, a gaya masa waƙafi ne mai raba ginshiƙai, ɗigo ne na lamba.

A saman fayil ɗin akwai 'yan layuka da kowa ke tsallakewa, cikinsu har da matsakaicin tudun ɗakin da aka sa ka. A karanta shi. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maraɗi bambancin ba komai ba ne. A Jos kuwa, da ke kusan mita 1,200, ɗakin yana haɗawa da gangaren da ke ƙasa da tsaunin. In aka ga tazarar mita 300 tsakanin tudun garin da wanda aka rubuta, to akwai kuskuren kusan digiri 2 da ya kamata a cire. Haka abin yake a Mambila da duwatsun Ayar.

To, yaya yake a kan zafi? A nan ne ya fi ƙarfi. Zafi abu ne mai mamaye ƙasa da faɗi. Idan Sakkwato ta ɗauka, Birnin Ƙonni da Gwadabawa ma sun ɗauka, don haka faɗin ɗakin bai cika cutarwa ba. Siffar shekara tana fitowa sarai: sanyin hunturu a Disamba da Janairu, hawan zafi daga ƙarshen Fabrairu, ƙololuwa a Afrilu da farkon Mayu, saukowa idan damina ta zauna a Agusta, da ɗan ƙaramin zafin nan na Oktoba lokacin kaka. Shekarun da suka yi fice ma ana ganinsu. Abin da ba zai bayar ba shi ne lambar tarihi ta tasha. A 3 ga Afrilu 2010 an auna digiri 46.4 a Yola. A 3 ga Afrilu 2024 Kayes ta ƙasar Mali ta kai 48.5, a cikin zafin da ya haɗu da ƙarshen azumi da ɗaukewar wuta, har asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan. Wanda ya nemi waɗannan ranaku a NASA POWER zai ga kwanaki masu tsananin zafi, amma kada ya sa ran lambar za ta zo daidai da ta tashar. Dalili biyu ne. Matsakaicin fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,800 yana danne tsinin wuri guda, sannan T2M_MAX ana ciro shi ne daga alƙaluman awa-awa, alhali ma'aunin tasha yana kama ƙololuwar da ta yi ko da minti kaɗan. Saboda haka kuskure ne ɗan jarida ya rubuta cewa rana mafi zafi a tarihin Katsina ita ce kaza da digiri kaza, yana dogaro da wannan shafi.

Amfaninsa na gaske shi ne gwada shi da kansa, shekara da shekara, a wuri guda. Ga yadda ake yi. A ɗauki 1991 zuwa 2020 a matsayin ma'auni, su ne shekaru 30 da Hukumar Yanayi ta Duniya ke amfani da su yanzu. A tace watannin Maris, Afrilu da Mayu, kwana 92 a shekara, jimilla 2,760. A sa dabarar PERCENTILE ta Excel a kan T2M_MAX da 0.9, za ta ba da lambar da kashi 10 cikin ɗari na kwanakin kawai suka haura. Wannan ita ce iyakar garin, kuma ta Nguru ba za ta zama ɗaya da ta Zariya ba. A bisa lissafi, shekara ta yau da kullum za ta sami kwana 9 ko makamancin haka sama da iyakar. Sai a ƙirga na kowace shekara da COUNTIFS. Inda aka sami kwana uku ko fiye a jere, shi ne abin da masu bincike da yawa ke ɗauka a matsayin guguwar zafi. Da haka ake raba gardamar dattijo da matashi. Har ma akwai gwaji mai daɗi: azumi yana dawowa lokaci guda na shekara bayan kimanin shekara 33, don haka azumin 2024 da ya fara wajen 11 ga Maris ana iya jera shi da na 1991 da ya fara wajen 17 ga Maris, a ga wanne ya fi gasa mutane.

A maimaita wannan lissafi da T2M_MIN, domin a nan labarin yake. Rana ta yi 43 jiki yana iya jurewa in dare ya sauko ya huta. Daren da bai sauka ƙasa da 28 ko 30 ba, a ɗakin kwano ba fanka, shi ke kayar da tsofaffi da jarirai da masu hawan jini. Sai dai a tuna ɗakin NASA ya haɗa da karkara, cikin birni kuwa siminti da kwalta suna riƙe zafi har asuba, don haka daren Kurna ko Gwammaja ya fi abin da fayil zai nuna. RH2M kuma shi ke bambanta zafin Maris mai busar da leɓe da na ƙarshen Mayu, lokacin da iskar kudu ta shigo da laima, hadari yana haɗuwa yana watsewa, gumi ba ya bushewa. Masu nazarin sanƙarau suna bin wannan ginshiƙi sosai, saboda cutar tana tashi ne a busasshen lokaci mai ƙura, ta lafa idan laima ta hau. Annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya ta kashe sama da dubu 11, tana cikin shekarun da rumbun ya ƙunsa.

Dalilin da ya sa aka ce a ɗauki na kullum: a teburin wata-wata, T2M_MAX yana nufin mafi tsananin da aka samu a watan gaba ɗaya, ba matsakaicin ƙololuwar kwanakinsa ba. Ana ganin kundin ɗalibai da suka ɗauki wannan lamba suka kira ta matsakaicin zafin Afrilu, suka ƙara wa garinsu digiri biyu ko uku da bai ji ba bai gani ba.

Ruwan sama kuwa, a nan ne jaki ya ƙi hawa gada. Ruwanmu na Sahel ruwan hadari ne, yana zuwa a dunƙule, ya zuba kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauye ya bar na gaba da ƙura. Tsarin da ɗakinsa ya kai kilomita 55 ba zai iya ganin haka ba. Abin da yake yi shi ne ya shafa ruwan a ko'ina kamar man shanu a burodi: ranakun yayyafi su yi yawa, milimita 0.4 yau, 1.2 gobe, manyan ruwa kuma su ragu. Haruffan CORR da ke ƙarshen sunan suna nufin an yi masa gyara da ma'aunai na ƙasa, amma a nan ma an bar mu a baya. A yawancin duniya gyaran da bayanan kullum ake yinsa a kan rabin digiri. A Afirka, saboda ƙarancin tashoshin da ke aika rahoto, an yi amfani da wani rumbu mai suna CMAP, wanda ɗakinsa digiri 2.5 ne, kusan kilomita 275, kuma jimillar kwana biyar-biyar yake bayarwa. Tazarar nan ta fi ta Kano zuwa Katsina nesa ba kusa ba.

Illar tana bayyana ne idan aka zo neman ranar faɗuwar damina. Ƙa'idar da Sivakumar na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya fitar a 1988, wadda har yau ake aiki da ita, ta ce ruwan shuka shi ne milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, muddin ba a sami fari na sama da kwana bakwai ba cikin kwana 30 da suka biyo. A ɗora wannan a kan alƙaluman da ke cike da yayyafin ƙarya, sai farin tsakiya ya ɓace, damina ta yi kamar ta zauna da wuri. Malamin gonar da ya ba manomi shawara da irin wannan zai sa shi asarar iri. Ana rage ɓarnar da mai da duk abin da bai kai milimita 1 ba sifili, amma ragewa ce kawai. Jimillar shekara ta fi dama-dama, farin 1983 da 1984 da mutanen Maraɗi ke tunawa da yunwar El-Buhari yana cikin zangon. Don aikin ruwa na gaske a koma CHIRPS na Jami'ar California da ke Santa Barbara, daga 1981, ɗakinsa kusan kilomita 5, ko TAMSAT na Jami'ar Reading ta Ingila, daga 1983, wanda don Afirka aka gina shi. Su ma kyauta ne, sai dai sun fi wuyar sarrafawa.

Masu sola su ne suka fi cin moriyarsa, kusan don su aka fara shi. ALLSKY_SFC_SW_DWN yana ba da hasken da ya sauka ƙasa a yini, daga 1984, a ɗaki mai digiri ɗaya. A rukunin RE da kWh a kan murabba'in mita yake zuwa, a AG kuma da MJ, sai an raba da 3.6. A yawancin ƙasar Hausa matsakaicin shekara yana kusa da 6, amma a auna faranti da batir da wata mafi rauni, Agusta mai gajimare, a kuma duba kwanakin da hazon Bodele, ƙurar da ke tasowa daga Cadi, ya rufe sama. Ƙurar da ta kwanta a kan faranti ba ta cikin lissafinsa.

Babbar iyakarsa ita ce 1981. Farin 1972 da 1973, wanda ya sa aka kafa CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a 1973 da cibiyarta ta nazarin yanayi da noma AGRHYMET a Yamai a 1974, ba ya ciki. Shekarun yalwar ruwa na 1950 ba sa ciki, balle yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Wannan yana da hatsari ga mai zana layin sauyin yanayi: wanda ya fara ƙirga ruwa daga tsakiyar fari dole ya ga kamar ruwa ƙaruwa yake ta yi, alhali farfaɗowa ce daga rami. Haka kuma na'urorin da ke ciyar da tsarin sun sauya, sababbin taurari sun shigo wajen 1998 da 2002, kuma irin wannan kan bar ɗan tsalle a alƙaluma wanda ba daga sama ya zo ba. ERA5, wani rumbu irinsa na Tarayyar Turai, ya koma har 1940, awa-awa, ɗakinsa kusan kilomita 31, amma sai an yi rajista, zafi da ma'aunin Kelvin yake zuwa sai an cire 273.15, ruwa kuma da mita. Shafin Open-Meteo yana miƙo shi a saukake cikin CSV. A riƙa tuna cewa kafin 1979 bayanan tauraro kaɗan ne, don haka shekarun farkon sun fi rauni a yankinmu.

Wanda aikinsa zai je gaban kotu, ko kamfanin inshora, ko injiniyan da zai auna girman kwalbati, wannan rumbu ba nasa ba ne. Ya nemi bayanan tasha daga NiMet, ko hukumar yanayi ta Nijar a Yamai. Kano da Damagaram da Yamai suna da rajistar ruwan sama tun shekarun farko na ƙarni na 20. Ɗalibi kuma in ya samu ko da shekara biyar ce ta tasha mafi kusa, ya jera ta gefe da gefe da ta NASA na waɗannan shekarun, ya fitar da matsakaicin bambancinsu wata-wata, ya gyara sauran shekarun da shi. A cikin rubutun ya faɗi lambobin wurin da ya sa, da rukunin da ya zaɓa, da ranar da ya sauko da fayil ɗin, domin alƙaluman watannin baya-bayan nan na wucin gadi ne, ana maye gurbinsu idan na MERRA-2 suka kammala.